Jinjinar da Manya Ke Yi wa Tsofaffin Daraktoci

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa duk hirar da aka yi da manyan daraktoci da jarumai sai sun jawo sunan wani tsohon darakta suna kambama shi, alhali kai da ka kunna fim ɗinsa ka tarar baƙi-da-fari ne, ga jan lokaci, har gyangyaɗi ya kwashe ka. Ka ce ko dai fadanci ne na 'yan sana'a ɗaya.

Fadanci kam akwai shi, ban musa ba. Amma ka sa ido kan yabon da mai yinsa ya bi shi da aiki. Ɗauki Akira Kurosawa na Japan. A ƙarshen shekarun 1970, duk da sunan da ya yi, kuɗin da zai yi fim ɗinsa Kagemusha ya gagara haɗuwa, har ya koma zana fitowar fim ɗin da fenti a takarda yana jiran tsammani. Daraktoci George Lucas da Francis Ford Coppola, waɗanda kasuwarsu ke ci a Amurka a lokacin, su suka shiga suka fita har kamfanin 20th Century Fox ya cika gibin. Fim ya fito a 1980, ya kuma samu babbar kyautar bikin Cannes na Faransa. Shekara goma bayan nan Martin Scorsese, wanda babban darakta ne ba jarumi ba, ya yarda aka yi masa kwalliya ya fito a matsayin mai zane Van Gogh a fim ɗin Kurosawa mai suna Dreams. Bafade ba ya wannan wahalar.

To me suka gani da kai ba ka gani ba? Kai labari kake bi, su hannun mai aikin suke kallo. A Seven Samurai na 1954, wurin yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo, Kurosawa ya girke kyamarori da yawa a lokaci guda, masu zuƙo abu daga nesa. Jarumi bai san wacce ke ɗaukarsa ba, don haka ba ya yi wa kyamara yanga, sai ya duƙufa ga abokin wasansa. Wannan gata ne ga ɗan wasa, kuma shi ya sa jarumai ke son darakta irin wannan ko da yana ba su wuya. Jarumi Toshiro Mifune fim 16 ya yi da shi. Sannan Kurosawa da kansa yake zama ya tace abin da ya ɗauka, saboda haka tun a lokeshan ya san inda zai yanka.

Sai dai ka lura da yadda ake ɗiba. Lucas ya faɗa da bakinsa cewa daga fim ɗin Kurosawa The Hidden Fortress na 1958 ya koyi ba da labarin sarakuna ta idon talakawa biyu mafi ƙasƙanci, dabarar da ya ɗora wa mutum-mutumi biyu na fim ɗinsa Star Wars a 1977. Dabara ya ɗauka, labarin nasa ne. Shi kuwa Sergio Leone na Italiya ya kwashi fim ɗin Kurosawa Yojimbo kusan sin bayan sin, wato fitowa bayan fitowa, ya mayar da shi A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da izini ba. Fim ɗin ya yi kyau, gaskiya, shi ya fito da jarumi Clint Eastwood, amma kamfanin Toho na Japan, mai Yojimbo, ya kai ƙara, dole aka biya.

Shi ma Kurosawan yana da nasa gwanin, wato daraktan Amurka John Ford. Darakta Orson Welles ma Ford ɗin ya bi: ya ce ya kalli fim ɗin Ford mai suna Stagecoach kusan sau 40 lokacin da yake shirin Citizen Kane na 1941.

Saboda haka koma kan fim ɗin da ya sa ka barci. Zaɓi sin ɗaya, kashe sauti, ka kalle shi sau uku da biro a hannu. Rubuta inda kyamara ta tsaya, wa ya fara motsi, a ina aka yanka, kuma me iska ko ruwa ko ƙura ke yi a bayan mutanen. Gobe ka kawo mini takardar mu duba tare.