Faretin ɗaya ga Oktoba da abin da ke bayansa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce an sa ki koya wa 'yan ajinki maci saboda bikin ɗaya ga Oktoba, kina tambaya ko al'adarmu ce ko ragowar Turawa.

Macin dai nasu ne. Zamanin mulkin mallaka, duk ranar 24 ga Mayu akan jera 'yan makaranta cikin rana su gaida tutar Ingila. Da aka samu 'yanci a 1960 sai aka sauya tuta, aka sauya rana, ganga kuwa ta ci gaba. Namu na gado hawan dawaki ne. Amma kada maci ya ɗauke miki hankali daga abin da mutane suka nema, don ba bakinsu ɗaya ba.

A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya miƙe ya ce a cire shekarar, a sa "da zarar hali ya yi". Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, ana kiransu yaran Turawa, kuma zafin abin ne ya haifi tarzomar Kano a watan Mayu. Wasu har gobe suna cewa tsoro ne. Ni ban gan shi haka ba. A lokacin 'yan bokonmu ba su taka kara sun karya ba, akawu da ma'aikatan jirgin ƙasa galibi 'yan Kudu ne. Sardauna ya ga in Bature ya tafi a haka, an gudu ba a tsira ba. A wurinsa mulkin kai shi ne ɗan ƙasa ya riƙe ofis da makaranta da asibitin ƙasarsa. Gabas da Yamma suka karɓi nasu a 1957, Arewa sai 15 ga Maris 1959. Duba ranar da kyau: a 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato.

Su Malam Aminu Kano kuwa, 'yan jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, tambayarsu daban ce: in Bature ya tafi, wa zai raba talaka da bulalar ɗan doka, da aikin tilas, da haraji da jangali? Sun sha ɗauri a kan wannan magana, Hajiya Gambo Sawaba ma gidan yari ya zame mata kamar gidan ƙawa. Kakanki ɗan NPC ne, jam'iyyar su Sardauna, na gani kashe ni, ƙanensa ɗan Sawaba, wato ɗan NEPU, sun daɗe ba sa cin tuwo a akushi ɗaya.

Ke kanki, da kina raye a zaɓen 1959, da ba ki jefa ƙuri'a ba, domin matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a 1976. Haraji da jangali ma sai da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke su a jiharsa.

Ki koya musu macin, ba laifi. In sun zauna shan ruwa, ki ba su labarin ɓangarorin nan biyu, kada ki rage ko ɗaya. Ki gaida mahaifiyarki.