Zango ɗaya a Bolonya: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce jami'arku ta ƙulla yarjejeniyar musayar ɗalibai da Jami'ar Bolonya da ke Italiya, sunanka ya fito cikin masu zuwa zango ɗaya, kana tambaya ko abin ya kai a bar gida dominsa, ko kuwa hotuna ne kawai ke ruɗar mutane. Ya kai, ka taho. Sai dai wata biyar ba wani lokaci ba ne. Na ga waɗanda suka cinye wata biyu a neman ɗaki da bin takardu, garin bai fara shiga jikinsu ba sai ga ranar haɗa kaya.

Ɗaki shi ne babban ciwon kai. Bolonya ba ƙaton gari ba ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa, don jami'ar tun 1088 take, ita ake kira mafi tsufa a Turai. A tallan haya za ka ga "singola", wato ɗaki kai kaɗai, da "posto letto", wato gado ɗaya a ɗakin da za ku raba da wani. Na biyun shi ne daidai aljihun ɗalibi. Ka fara nema ranar da takardar gayyata ta shigo hannunka, ka bi ta ofishin ɗaliban ƙetare na jami'ar. Kada ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami kan hoton ɗaki. Ni na taɓa yi a shekarata ta farko, mutumin ya yi ɓatan dabo, na kwana goma a kan kujerar wani ɗan Senegal, Allah ya saka masa.

Da ka sauka, kwana 8 na aiki gare ka ka nemi takardar zama, wadda suke kira permesso di soggiorno. A gidan waya ake karɓar fom ɗin, a can ake mayarwa, su ba ka rasidi da ranar zuwa ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsu. Rasidin nan ka riƙe shi kamar fasfo, don shi ne shaidarka kafin katin ya fito. Akwai kuma codice fiscale, lambar haraji. Ba ita, ba haya, ba asusun banki. Takardar ɗalibi ta yarda ka yi aiki awa 20 a mako, amma kada ka ɗora lissafinka a kai, wanda ba ya jin Italiyanci ba ya samun aiki da wuri.

Jarrabawarsu za ta ba ka mamaki. Da yawa ta baka ce. Ka zauna gaban farfesa, 'yan ajinku na zaune a baya suna saurare, ya jefo tambaya ka amsa, nan take ya faɗa maka makinka. Makin daga 30 ne, 18 ne ci. Abin da ya fi ɗaure min kai, ɗalibi na iya cewa bai karɓi makin ba, ya dawo a zama na gaba. Ranar tawa ta farko gwiwata har rawa take, sai na tuna yadda muke biya hadda gaban malam a islamiyya, na ce ai wannan tsohon hannu ne. Haddar kaɗai dai ba ta isa, yana son jin ra'ayinka. Kafin ka taso kuma, ka sa sashenku ya sa hannu kan darussan da za ka ɗauka, kada ka koma a ce ba su shiga lissafi ba.

Daɗin garin a ƙafa yake. Titunan tsakiya duk rumfuna ne na gini, kusan kilomita 40, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ruwa na zuba kana tafiya ba lema. Da yamma mutane kan fito ba don komai ba, sai zagaye da hira. Ka zauna kan matakalar Piazza Maggiore, babban dandalin garin, ka ga tsofaffi na musun siyasa da hannuwa, sai ka rantse majalisar ƙofar gida ce. Kofi a tsaye ake sha, kurɓi biyu, yuro ɗaya da 'yan kai. Idan mai shagon ya fara miƙo maka naka tun ba ka buɗe baki ba, ka zama ɗan unguwa. Abin da zai kai ka nan shi ne 'yar gaisuwa da harshensu, ko da gurguwa ce. Masu maƙale wa Turanci da 'yan uwansu baƙi sukan koma ba su yi aboki ko ɗaya ɗan ƙasa ba. Wata Lahadi ka bi doguwar rumfar da ke kaiwa cocin San Luca, kusan kilomita 4 zuwa kan tudu. Jirgin ƙasa mai sauri kuma yana kai ka birnin Firenze ƙasa da minti 40, Rum awa biyu da ɗan wani abu. In ka samu hali ka leƙa Napoli, akwai jami'ar L'Orientale inda Turawa ke zaune suna koyon Hausa.

Sai abinci, a nan ka buɗe ido. Garin nan alade ne abin alfaharinsa. Kalma biyu ka haddace: "maiale" shi ne alade, "strutto" kitsensa, wanda ake sakawa har a wasu burodi da gurasar piadina. Ka tambaya, ba sa jin haushi. Naman halal yana unguwar Bolognina, bayan tashar jirgin ƙasa, wajen 'yan Maroko da Pakistan. Masallatai yawanci shaguna ne da aka mayar, su ma za su nuna maka. A Disamba magariba na yi tun biyar saura, ga hazo da sanyin da ya fi na hunturun Kano nesa ba kusa ba. Rigar sanyin ka bari ka saya a nan.

Ka taho da yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kam ka cinye shi a gida, ba a shiga Turai da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ka turo min ranar saukarka in zo in tarye ka. Ka gaida su Inna.