Tambayoyinku: Katin Mutuwa Ya Fito wa Ƙanwata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Hartum muka yi hijira zuwa Gadarif bayan ɓarkewar yaƙi a 2023. Ƙanwata ta shiga wani shiri na kai tsaye a TikTok inda wata mata ke duba da katunan tarot, sai aka zaro mata kati mai hoton ƙwarangwal, aka ce sunansa Mutuwa. Ga shi mahaifinmu yana kwance ba lafiya, tun ranar ko abinci ba ta iya ci. Mene ne ma'anar katin nan? Daga wata 'yar'uwa a Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Katunan tarot guda 78 ne, 22 daga cikinsu su ne manya, wanda ya firgita ƙanwarki kuwa shi ne mai lamba 13. A jerin da ya fi yaɗuwa, wanda aka buga a Landan a 1909, za ki ga ƙwarangwal sanye da baƙin sulke a kan farin doki, riƙe da baƙar tuta mai farin fure, ga wani sarki kwance a ƙasa kambinsa ya faɗi, ga limamin coci ya haɗa hannu yana roƙo, can nesa kuma rana ce tsakanin hasumiyoyi biyu. Su kansu masu sana'ar, galibinsu ba sa fassara shi da ajali. Cewa suke yi alama ce ta ƙarewar wani zango na rayuwa, kamar mutuwar aure, ko barin aiki, ko tashi daga gari, ranar da ke tsakanin hasumiyoyin kuma tana nuna abin da zai biyo baya. Idan katin ya fito a kife, sai su ce mutum ya ƙi sakin abin da ya riga ya ƙare.

Sai dai wannan fassarar ma daga baya aka ƙaƙaba ta. Asalin tarot wasan karta ne na masu sarauta a arewacin Italiya, a garuruwa irin su Milan da Ferrara, cikin ƙarni na 15, kuma sai a 1781 wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya yi iƙirarin cewa sirrin tsohuwar Masar ne a ɓoye cikin hotunan, ba tare da hujja ba. Daga nan 'yan duba suka samu jari.

Ki lura da wayon da ke cikin maganar, wanda bai bambanta da na masu jefa wuri ko masu karanta gindin finjalin gahawa ba. Wane gida ne cikin waɗanda suka baro Hartum da Omdurman bai rufe ƙofa ya bar kayansa ba, bai kuma soma sabuwar rayuwa a ɗakin haya ba? Duk wanda aka ce masa wani abu ya ƙare a rayuwarsa, dole ya ga kamar an san sirrinsa.

Ta fuskar addini kuwa, aya ta 34 a Suratu Luƙman ta bayyana cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu, kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Kada ki fara mata da wannan cikin faɗa, domin tsoron rasa uba ne ya kai ta can. Ki lallashe ta ta yi istigfari, ta daina bibiyar shafin, sannan ki damƙa mata wani ɓangare na jinyar Baba, ko da lura da lokacin shan maganinsa ne da dama masa kunu da safe.