Hukuncin Binciken da Aka Fara Cikin Fushi

Tambaya: Malam, ƙanena ke riƙe min shago a kasuwar Kejetia. Wani ya ce yana cin kuɗina, raina ya ɓaci. A daren na duba MoMo ɗin shagon, wato asusun kuɗi na waya, na ga sidi 4,000 sun tafi wata lamba da ban sani ba. Na tambayi mutum uku, duk suka ce dama sun san halinsa. Zan iya korarsa in sanar da dangi? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Alhaji, sallamar ma'aikaci haƙƙinka ne. Kiransa ɓarawo a gaban dangi kuwa bai halatta ba da abin da ke hannunka yanzu. Inda hukuncin ya rataya shi ne kalmarka "a daren": fushin ya riga binciken.

Mai fushi ji yake ya riga ya san gaskiya, abin da ya rage masa tara shaida ne. Shi ya sa ka kalli kuɗin da ya fita, ba ka kalli kayan da suka shigo ba. Su waye ukun nan? In ka zaɓo waɗanda ka san ba sa ga maciji da shi, mutum ɗaya ka tambaya sau uku. Tambayar ma na tabbata "ba kwa ganin yana sata?" ce, mai ɗauke da amsarta.

Wasu za su ce maka fushi ba ya ɓata hukunci, tunda Annabi (SAW) ya yanke wa Zubair da Ba'ansare rigimar ban ruwa fuskarsa a sauye. Wannan hujja ba ta ɗauke ka. Shi ma'asumi ne, fushi ba ya fitar da shi daga gaskiya. Sannan haƙƙin Zubair ya bayyana tun kafin mutumin ya yi maganar da ta ɓata masa rai. Da farko sulhu Annabi ya nema, daga baya ya ba Zubair cikakken rabonsa. Malaman da suka zartar da hukuncin alƙali mai fushi ma sun sa sharaɗin ya dace da gaskiya, kuma sun karhanta shi duk da haka saboda hadisin Abu Bakra da ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. Kai ko alƙali ba ka kai ba, mai ƙara ne, hujja a kanka take, ƙanenka kuma amintacce ne da ake karɓar maganarsa da rantsuwa.

Ka huce tukuna. Ka sa wanda ba ruwansa da ku biyun ya ƙirga kaya, ya haɗa littafin shago da bayanan MoMo na wata uku, shige da fice. A kira lambar nan, sau da yawa ta dillali ce ko direban kaya. Sai ka zaunar da ƙanenka ku biyu, ka ce ya yi maka bayani, kada ka katse shi.

Wayarsa ta kansa kada ka taɓa, wannan leƙen asiri ne. Wanda ya kawo maka zancen kuma, ka tambayi kanka me yake nema a shagon. In satar ta tabbata, karɓi kuɗinka ka sallame shi a asirce, don mahaifiyarku. Wallahu a'alam.