Amsar tambayarka kan iyafis kafin ka taso Ingila

Salam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce biza ta fito, alhamdulillah, kuma kana tambaya ko ka sayi iyafis na Bluetooth da agogon nan mai haɗuwa da waya a kasuwar waya ta Farm Centre kafin ka taso, ko ka bari sai ka iso Manchesta. Saya duk inda ya fi maka sauƙi, ni ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda na san ku da haɗa waya da duk abin da kuka gani, sifikar mai shago, motar aboki, iyafis ɗin aro, kuma ba wanda yake tunawa ya cire.

A nan wayarka ita ce komai naka. Bankinka na ciki, tikitin jirgin ƙasa na ciki, har shaidar zamanka a ƙasar, don katin BRP da muka riƙe a da ya ƙare aiki ranar 31 ga Disamba 2024, yanzu eVisa ce a intanet. To abu irin wannan ba ka barin ƙofarsa a buɗe.

Bari in gaya maka abin da ya same ni shekarata ta farko, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Gidan haya muke mu biyar, akwai wata sifika a kicin da kowa ke haɗawa in yana girki, ni ma na haɗa sau ɗaya na manta. Wata rana ina ɗakina a sama Hajiya ta turo saƙon murya kan rashin lafiyar Baba da bashin da aka ci na asibiti, na danna ban ji komai ba, na ƙara sauti na sake dannawa, ashe a kicin maganar take fita, kuma akwai Bahaushe a zaune da baƙinsa suna cin abinci. Bluetooth yana kai wajen mita 10, bene ɗaya ba ya tare shi. Kafin sati ya zagayo mutanen da ko gaisawa ba ma yi suna min jaje a masallaci. Sirrin gidanmu ne fa. Tun ranar duk abin da ba nawa ba, ina gamawa nake shiga saitin in danna Forget.

Mota ta fi wannan muni. Ranar da na fara karɓar motar haya na tarar da sunaye da lambobin wanda ya riƙe ta kafin ni reras a allo, har kiran da ya yi na ƙarshe. In ka haɗa, waya za ta tambaye ka ko ka yarda mota ta ɗauki lambobinka, ka ce a'a, kira zai shiga ba sai da su ba. Kuma dole dai ka haɗa in za ka amsa kira kana tuƙi, don riƙe waya a hannu tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a lasisi.

Sabon iyafis kuwa a ɗakinka za ka haɗa shi karon farko, kar ka tsaya a filin jirgi ko cikin bas kana nema cikin sunaye ashirin. In na'ura mai allo ce kamar agogo ko mota, lamba 6 za ta fito a duka biyun, ka duba sun yi daidai kafin ka amince. In kana zaune kawai saƙo ya faɗo wai wani abu na son haɗuwa da kai alhali ba kai ka nema ba, ƙi shi. AirDrop ko Quick Share, wato abin tura hoto da fayil zuwa wayar da ke kusa, ka bar shi a kan mutanen da kake da lambarsu kaɗai. Agogunan nan masu arha kuma da ke sa ka sauke manhaja daga wani link, sannan ta ce sai ta karanta saƙonninka, wallahi gara ka haƙura da agogon, don lambar sirrin banki ta cikin saƙonnin take shigowa.

Na san za ka ce Yaya ya cika tsoro. A 2017 wani kamfanin tsaro mai suna Armis ya bankaɗo ɓarakar da aka kira BlueBorne, wadda ake iya shiga waya da ita ba tare da an haɗa komai ba, Bluetooth ɗin kawai ya kasance a kunne. Sabunta manhajar waya ne ya toshe ta, shi ya sa tsohuwar wayar da kamfani ya daina turo wa sabuntawa nake jin tsoronta fiye da jabun iyafis. Ni da guminna na sayi tawa bayan wata bakwai ina aikin dare a sito, kuma ban yi nadama ba.

Turo min sunan wayarka da lambar Android ɗin da ke kanta in duba maka ko za ta kai ka. Caja kam taho da taka, soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Ka gaida Hajiya.