Amsa: Yaya MTN za ta yi asara alhali kowa na sayen kati?

Malam, ka tambayi yadda aka yi MTN Najeriya ta bayyana asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, bayan kullum muna loda kati. Ciniki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Canji ne ya cinye ribar.

Kuɗin da ke shigo musu naira ne, amma wani ɓangare na bashinsu da hayar turakun sadarwa a dala ake lissafa su. Da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, wato ya bar kasuwa ta yanke mata farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, ta kusa 900 a ƙarshen shekara. Ɗauki ɗan Kantin Kwari da ya karɓo yadi bashi daga Sin kan dala 10,000, ya sayar tas a tsohon farashi. Ranar karɓa, bashin naira miliyan 4.6 ne, ranar biya ya koma miliyan 9. Shago cike da masu saye, aljihu kuwa wayam.

Manyan kamfanoni kan kare kansu ta hanyar ƙulla yarjejeniya da banki a tsayar da farashin dala tun kafin ranar biya, ko su ci bashi da kuɗin ƙasar da suke ciniki. Sai dai a lokacin dalar ma ta yi wuyar samu. Ni a ganina dabarar da ta fi ita ce wadda MTN ta yi a 2024: ta sake zama da IHS, mai turakun, aka rage kason hayar da ke bin dala.