Tambayi Likita: An ce jikina baya son mofin, ga shi za a sake min tiyata

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Shekara uku da suka wuce aka min tiyatar haihuwa da allurar baya, bayan an fito dani ƙaiƙayi ya taso min a hanci da fuska har wuya, na dinga susa kamar zan yage fatar, ga amai sau biyu. Wata nas tace alaji ne, wai jikina baya son mofin, maganin kashe ciwon da aka haɗa a allurar, kar in ƙara yarda a sa min. Yanzu cikina wata takwas kuma ance tiyatar za a sake, wlh tsoro ya hana ni barci. Yayata tace in ce su bani tiramol ko kodin kawai tunda ita tana sha bata taɓa ganin komai ba. Ya zan yi? Daga wata mai juna biyu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa ɗin nan ni dai bai min kama da alaji ba, duk da ban ganki ba ban ga katinki ba. Ƙaiƙayin hanci da fuska bayan allurar baya mai mofin abu ne da muke gani kullum a ɗakin masu jego, zaki shiga ki tarar da mace kwance da dirif a hannu ɗaya, ɗayan tana ta murza hanci kamar wadda ta shaƙi barkono. Maganin ne ke taɓa jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa masu kai saƙon ƙaiƙayi, shi yasa ko an bada Piriton sau da yawa barci kawai yake sawa, susar tana nan. In ya yi tsanani akan sa ɗan naloksen kaɗan ta jijiya, wato maganin da ke karya ƙarfin mofin, in ba haka ba ma cikin kwana ɗaya yake lafawa da kansa. Amai, jiri, barci, taurin bayan gida, duk halin maganin ne.

Alaji na gaske da wannan dangin magunguna yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma kamanninsa daban: borin jini ya feso ko ina, leɓe ko harshe ko fatar ido su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya dinga fita da ƙara, jini ya sauka mutum ya nemi suma. Wannan ba a jira, allurar adirenalin ake yi nan take. To ko a nan ɗin ma ba a saurin ɗora wa mofin laifi, domin a ɗakin tiyata ba shi kaɗai aka sa miki ba, akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai safar hannun roba, kuma su sun fi shi yawan jawo wannan.

Maganar yayarki kuwa, gaskiya an gudu ne ba a tsira ba. Kodin da mofin gida ɗaya suke, hasali ma in kika sha kodin hanta ce ke juya wani ɓangarensa ya koma mofin kafin ya yi aiki, kinga kenan wanda ke da alajin mofin da gaske kodin ba mafita bane gare shi, haka ƙwayar ciwon nan da ake kira DF118. A cikin sauran magungunan ciwo masu ƙarfi, fetidin da fentanil nasu gidan daban, tiramol da fentazosin kowa da nasa ginin, shi yasa in alajin ya tabbata likita kan tsallaka wani gidan, sau da yawa fentanil, yana sa ido. Amma ke abin da ya fi damuna shayarwa ce. Akwai mutanen da hantarsu ke juya kodin da sauri fiye da kima, mofin ya taru ya bi nono, jariri ya kama barcin da ba a iya tashinsa, ya ƙi kama nono, numfashinsa ya yi ƙasa, kuma ba a gane mai irin wannan hantar da ido. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa kan kodin da tiramol duka biyun. Tiramol kuma ga shi da sa jijjiga, musamman ga mai farfaɗiya ko in an zarce miligiram 400 a rana, balle irin mai 225 ɗin nan da ake saidawa a ɓoye. Ita yayar taki ma a tambaye ta me take sha wa su kuma tun yaushe, tunda ba a banza gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Abin da zaki yi, a awo na gaba ki nemi ganin likitan da ke sa barci a tiyata, kar ki ce masa "ina da alaji" ki yi shiru, da ya ji haka zai iya janye miki maganin da ya fi riƙe ciwo ki kwana kina murƙususu a banza. Faɗa masa yadda kika faɗa min: ina ne ya yi ƙaiƙayi, bayan awa nawa, akwai kumburi ko babu, numfashi ya canza ko bai canza ba. In tsohon fayil ɗinki na nan a ɗauko. Zai iya rage yawan mofin ɗin, ya baki maganin amai tun kafin ya zo, sannan a haɗa miki da farasitamol da dikulofenak, wanda haɗin nan yana rage buƙatar masu ƙarfin sosai. Farasitamol kar ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24. Dikulofenak da ibufurofen kuma sai bayan haihuwa, in baki da olsa, ciwon ƙoda ko asmar da suke tayarwa. Yanzu da cikin nan wata takwas ko bayanki na ciwo kar mai kemis ya miƙo miki su ki karɓa, suna iya rage ruwan da jariri ke ciki su kuma taɓa wata jijiya ta zuciyarsa.